Zauren Tambaya da Amsa: Ina Cibiyar Nazarin Koriya Ta Dosa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama, da fatan kina lafiya, ya iyali, ya ɗalibai. Na yi digiri a fannin tarihi, bara na gama bautar ƙasa. Na san kin yi karatu a Koriya ta Kudu, shi ya sa na kawo miki kukana. Ina neman inda zan yi digiri na biyu, sai na yi ta cin karo da jami'o'in waje masu abin da suke kira cibiyar nazarin Koriya. Kowace ta jera manufofinta na dogon zango: horar da malamai, tara littattafai, buga bincike, ƙulla zumunci. Ni dai duk iri ɗaya na gan su. Me suke son cimmawa a zahiri? Wani abokina ya ce talla ce kawai gwamnatin Koriya take yi da kuɗinta, kamar yadda take tallar waƙoƙinta da wayoyinta. In na ba da shekaruna a wannan fanni, me zan zama?

Wani ɗalibi daga Gusau

AMSA

Wa'alaikumussalam wa rahmatullah. Ɗana, na gode, Allah Ya sa albarka a karatun da ka yi. Sau biyu na karanta wasiƙarka, don ta tuna mini da shekarar da ni ma na fara wannan nema. Maganar abokinka akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma zan dawo kanta. Amma bari in fara kai ka wata cibiya da na taka da ƙafata, saboda kalmomin nan da ka ce duk iri ɗaya ne, ni ma ban gane su ba sai da na ga abin da suka haifa.

Cibiyar Nazarin Koriya ta Jami'ar Hawai tana unguwar Manoa a birnin Honolulu. An kafa ta a 1972, a duk Amurka babu wadda ta girme ta. Shugabanta na farko, Farfesa Dae-Sook Suh, masanin siyasar Koriya ta Arewa ne, ya rubuta tarihin rayuwar Kim Il Sung, shugaban ƙasar na farko, ya kuma riƙe cibiyar sama da shekara ashirin. Gininta daga fadar Gyeongbok ta birnin Seoul aka kwaikwayo shi, da rufi mai lanƙwasar baki da zanen kore da ja a ƙarƙashinsa. Takanas aka ɗauko gwanayen aikin daga Koriya, aka buɗe ginin a 1980. Tun 1977 take fitar da mujallarta ta bincike, har yau ba ta fasa ba.

Za ka ce me ya kai 'yan Koriya tsakiyar teku. Rake ne. Ranar 13 ga Janairu, 1903, jirgin ruwa mai suna Gaelic ya sauke mutum 102 a Honolulu, leburorin gonar rake da iyalansu. Kafin a rufe wannan ƙofa a 1905 sun haura dubu bakwai, akasarinsu maza ne marasa aure. Sai aka shiga auren hoto. Namiji ya aika hotonsa gida, budurwa ta gani ta amince, ta hau jirgi, ta zo ta tarar da mijin da sau da yawa ya girmi hoton nesa ba kusa ba. Daga ɗan abin da suke samu a gona mutanen nan suka riƙa tara kuɗin fafutukar 'yantar da ƙasarsu daga hannun Jafan, wadda ta mulke ta daga 1910 zuwa 1945. Syngman Rhee, shugaban Koriya ta Kudu na farko, ya daɗe a Hawai, a can kuma ya rasu a 1965.

Mako guda na yi a wurin, don wani taron masu bincike. A rana ta uku na fito daga zama, sai na ga wata tsohuwa a kan benci, da gwangwanin biskit a cinyarta, ta ɗaure shi da roba. Jikar ɗaya daga cikin amaren hoto ce. A cikin gwangwanin akwai wasiƙu kamar ashirin, da rasiɗan gudummawar da kakarta ta biya, da hoton wani mutum sanye da kwat ɗin da ya yi masa yawa. Ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa ba, Turanci kaɗai take ji. Wata ɗaliba ta zo ta tsuguna gabanta, ta sa safar hannu, ta buɗe wasiƙa ta farko tana bi a hankali, saboda rubutun na da ne, har da harafin da aka daina amfani da shi. Da ta kai inda uwar amarya take tambayar 'yarta ko ana sanyi a can, ko ta samu abin rufa, sai tsohuwar ta sa hannu ta rufe bakinta. A Hawai ba a sanyi. Uwar ba ta sani ba, kuma ita da 'yarta ba su sake haɗuwa ba. Ni kuwa adakar kakana ce ta faɗo mini a rai, da takardun ajamin da ke cikinta, waɗanda a gidanmu yanzu mutum biyu suka rage masu iya karanta su.

To ka ga ɗalibar nan da ta tsuguna? Don a same ta aka kafa cibiyar. Duk abin da aka jera a takarda, nufinsa a ce nan da shekara hamsin akwai mai iya karanta wannan wasiƙa, akwai ɗakin da za a adana ta, akwai kuma albashin da zai zaunar da mai karatun a wuri ɗaya.

Samar da mutum irin wannan yana cin shekaru. Rubutun Koriya na yau, wanda suke kira Hangul, Sarki Sejong ne ya ƙirƙiro shi a 1443, aka bayyana shi ga jama'a a 1446. Da haruffa 28 ya fara, yau 24 ake amfani da su, kuma cikin mako guda za ka iya haɗa baƙi. Wannan sauƙin ne yake sa mutane su ɗauka sun iso. Kai da kake ɗan tarihi, haɗa baƙi ko zaure bai kai ka ba. Gidan sarautar Joseon, wanda ya riƙe ƙasar sama da shekara ɗari biyar daga 1392, da tsohon rubutun Sin yake aikinsa, suna ce masa hanmun, kamar yadda malamanmu na Sakkwato suka rubuta manyan littattafansu da Larabci suka bar waƙoƙi ga ajami. In kuma zamanin mulkin mallaka kake son bincika, dole ka ƙara Jafananci a kai.

Ba na manta wani darasi na hanmun. Mu shida ne a ajin, ana tsakiyar hunturu, kowa ya rungume kofin shayin sha'ir. Malamin ya ba mu 'yan layuka daga kundin tarihin sarakunan Joseon, na shekarar 1404. Sarki Taejong ya fita farauta, yana kan harbin barewa dokinsa ya yi tuntuɓe, ya faɗo, bai ji rauni ba. Ya dubi waɗanda ke tare da shi ya ce kada a bari marubucin tarihi ya sani. Marubucin ya rubuta faɗuwar, ya kuma rubuta umarnin. Awa biyu muka yi a kan layukan nan, harafi bayan harafi. A ƙa'idarsu sarki ba ya karanta abin da aka rubuta game da shi, sai bayan ya mutu ake tattarawa. Kundin juzu'i 1,893 ne, ya ƙunshi sarakuna 25, daga 1392 zuwa 1863. An fara fassara shi zuwa harshen Koriya na yau a 1968, sai 1993 aka gama. Akwai wanda ya fi shi girma, littafin yau da kullum na magatakardan fada, mujalladi 3,243. Tun 1994 ake fassara shi, har yanzu da saura.

Haka aikin fannin yake. Edward Wagner na Jami'ar Harvard da abokin aikinsa Song June-ho sun shafe shekaru da yawa suna bin diddigin mutum sama da 14,000 da suka ci babbar jarrabawar aikin gwamnati a zamanin Joseon: ɗan wane ne, daga wane gari ya fito, 'yar wa ya aura. Wagner ya rasu a 2001, wasu suka ɗora. Da irin wannan ne aka gane cewa jarrabawar da ake cewa ta kowa ce, 'yan tsirarun gidaje ne suka fi cin moriyarta ƙarni bayan ƙarni.

Saboda haka in ka ga cibiya ta rubuta cewa burinta ta kafa kujerar farfesa ta dindindin, nan za ka zuba ido. Wakafi ne. A tara dukiya a juya ta, ribar ta riƙa biyan albashin malamin wannan fanni, in ya yi ritaya dole a ɗauko wani a fannin. In babu wannan, ranar da malamin tarihin Koriya tilo na wata jami'a ya ajiye aiki, sashensa yana iya maye gurbinsa da masanin wata ƙasa dabam, ɗalibai su watse, littattafan da ya tara su koma shan ƙura. Gidauniyar Koriya, wadda gwamnati ta kafa a 1991, babban aikinta a jami'o'in duniya ke nan: ko ta haɗa kuɗin wakafi da jami'a, ko ta ɗauki wani kaso na albashi na 'yan shekaru bisa sharaɗin jami'a za ta ci gaba da riƙe kujerar. Akwai kuma babbar makarantar nazarin Koriya ta ƙasa da ke Seongnam, wadda aka kafa a 1978, ita ma tana ba jami'o'in waje tallafin bincike na shekaru.

Ɗakin karatu da buga littattafai ba sai na tsawaita ba, ka san amfaninsu. Fassara ce nake so ka lura da ita. Wata Baturiyar Ingila, Deborah Smith, a 2010 ta fara koyon harshen Koriya, ta yi karatunta a makarantar SOAS ta Landan, makarantar da ta daɗe tana koyar da Hausa ita ma. Ta fassara littafin Han Kang, marubuciya 'yar Koriya ta Kudu, zuwa Turanci, su biyun suka ci kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa a 2016. A 2024 Han Kang ta karɓi kyautar Nobel ta adabi. Duniya ta ga ranar kyauta. Amma cibiyar nazarin Koriya ta SOAS tun 1987 take, kuma tun 1996 gwamnatin Koriya take zuba kuɗi a fassarar adabinta.

Akwai wata kalma da za ka yi ta gani a manufofin, wato daidaito tsakanin fannoni, kuma a yanzu ita ce ta fi wuya. Daga 2016 zuwa 2021 masu koyon harsunan waje a jami'o'in Amurka sun ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari, amma masu koyon harshen Koriya suka ƙaru da kashi 38, suka haura 19,000. Waƙa da fim ne suka koro su, kuma ni ban ga laifin haka ba, kowa da ƙofar da ya shigo. Damuwata ita ce ajin waƙoƙin zamani yana cika maƙil, ajin hanmun yana da mutum shida, kuma jami'a da yawan ɗalibai take raba kuɗi. Cibiyar da ta san abin da take yi takan yi amfani da cikar wancan aji ta ciyar da wannan. Yayi yana wucewa. In ya wuce aka tarar ba a horar da kowa a tarihi da addini da tattalin arziki da lamarin Koriya ta Arewa ba, an yi asarar zamani guda.

Yanzu maganar abokinka. Ƙwarai, gwamnatin Koriya da kamfanoninta suna kashe kuɗi, kuma ba sadaka suke yi ba. Ƙasa ce da ke tsakanin Sin da Jafan, ta daɗe ana karanta tarihinta ta bakin maƙwabtanta, Jafan ma a lokacin mulkin mallaka ta yaɗa cewa Koriya ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba. Suna so a ji daga bakinsu. Kuma tsoron da abokinka yake ji tsoho ne. A 1975 wata ƙungiyar 'yan kasuwar Koriya ta ba Harvard dala miliyan ɗaya don kafa kujera, aka yi ta ce-ce-ku-ce a Amurka, saboda lokacin Park Chung-hee ne yake mulkin kama-karya, mutane suna tambaya ko bakin malamai ake son saya.

Amma ka duba ɗaya gefen. Kisan da aka yi a tsibirin Jeju daga 1948, wanda ya ci dubban mutane, shekaru da yawa ba a iya maganarsa a fili a cikin ƙasar, sai 2003 shugaban ƙasa ya nemi gafara. Haka kisan da aka yi a birnin Gwangju a watan Mayun 1980. A shekarun da baki yake ɗaure a gida, jami'o'in waje suna cikin wuraren da aka iya yin rubutu da muhawara kan irin waɗannan abubuwa. Littafin Bruce Cumings, wani masanin tarihi Ba'amurke, kan asalin yaƙin Koriya, wanda ya fito a 1981, gwamnatin soja ba ta so shi ba, amma ɗalibai suka riƙa karanta shi a ɓoye. Don haka ni a ganina, cikin manufofin dogon zango babu kamar cibiya ta kai matsayin da za ta karɓi kuɗin mutum ba tare da ya zaɓa mata abin da za ta faɗa ba. Wakafi yana taimakawa a nan, tunda kuɗin da aka riga aka ajiye ba a janye shi don an ji haushin wata maƙala.

Kafin ka nemi kowace cibiya, ka bar shafin manufofi ka duba jerin malamanta. Nawa ne na dindindin, nawa ne 'yan kwantiragin shekara ɗaya? Ɗaliban da suka gama digirin digirgir a shekara goma da suka wuce, ina suke aiki? Cikin laccocin bara, akwai wadda ta taɓa abin da ba zai yi wa gwamnatin Seoul daɗi ba, kamar halin da baƙin ma'aikata suke ciki, ko faɗuwar haihuwa da ta kai 0.72 ga kowace mace a 2023? In duk abin da ka gani bikin abinci ne da gasar rawa, ka nemi wata.

Me za ka zama? Zan gaya maka gaskiya, kujerun koyarwa a wannan fanni kaɗan ne ko a Turai da Amurka, kuma masu nemansu da yawa da harshen suka tashi. In ka je ka yi gogayya da su kan waƙoƙin ƙarni na 15, za ka sha wuya. Ƙarfinka yana wurin abin da kai ka sani su ba su sani ba. Ga misali. A 1970 gwamnatin Park ta fara shirin Saemaul, wato sabon ƙauye. Ta raba buhun siminti 335 ga kowane ƙauye, ƙauyuka sama da 33,000, ta ce ku yi aikin gayya da shi. Wajen rabinsu da suka yi abin kirki aka ƙara musu buhu 500 da tan ɗaya na rodi, sauran aka bar su. Yau ana kai wannan shiri ƙasashen Afirka a matsayin magani. Amma kafin siminti, an yi gyaran mallakar ƙasa a 1950, manomi ya zama mai gonarsa, kuma a shekarun shirin gwamnati tana sayen shinkafa da tsada. Akwai tilas a ciki ma. Mutumin da ya san ƙauyukan Zamfara, ya san abin da ya faru da shirin ciyar da ƙasa na 1976 da na juyin noma da ya biyo baya, sannan ya iya karanta takardun Saemaul da harshensu na asali, wannan mutum ana bukatarsa a can da nan.

Kuma ka sani su sun riga mu. Jami'ar Hankuk ta nazarin harsunan waje tana koyar da Hausa a sashenta na nazarin Afirka, tare da Suwahili da Zulu. Na taɓa haɗuwa da wani saurayi ɗan can a tashar jirgin ƙasa, ya ji ina waya da mahaifiyata, ya jira na gama, ya rusuna ya ce, “Sannu da aiki, ina gajiya?” Na yi farin ciki, na kuma yi tunani mai tsawo a cikin jirgin. Tun 1980 Najeriya da Koriya ta Kudu suke da hulɗar jakadanci. Kamfanoninsu sun yi aiki a masana'antar gas ta Bonny, Samsung ce ta ƙera katafaren jirgin haƙar mai na Egina aka ƙarasa haɗa shi a Legas a 2018. A teburin ciniki, su suna da wanda ya karance mu.

In ka yanke shawara, ka fara da tallafin gwamnatin Koriya na GKS. Ana buɗe na digiri na biyu wajen Fabrairu, ta ofishin jakadanci ko ta jami'a kai tsaye. Yana ɗaukar kuɗin jirgi da na makaranta da alawus na wata, shekarar farko kacokan ta koyon harshe ce, kuma sai ka kai mataki na 3 a jarrabawar harshen Koriya ta TOPIK, mai matakai 6, kafin ka shiga aji. Ka fara koyon harshen tun yau, kada ka jira sakamako.

TAMBAYA

Malama, ni malamin jami'a ne, an sa ni cikin kwamitin da zai duba yiwuwar buɗe irin wannan cibiya a wurinmu. Ta ina za mu fara? Kuma mece ce bambancinta da cibiyar al'adun Koriya da ke Abuja?

Wani malami daga Kano

AMSA

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah Ya taimaka. Ta Abuja, wadda aka buɗe a 2010, ta gwamnatin Koriya ce, aikinta ta nuna ƙasarta: ajin harshe, wasan taikwando, fina-finai, gasar zane. Haka Cibiyoyin Sarki Sejong da ke ƙasashe da yawa, koyar da harshe ne aikinsu. Suna da amfani, ɗalibanku ma za su ci moriyarsu. Cibiyar jami'a kuwa taku ce, majalisar malamanku ce take da iko da ita, kuma tambayoyinku za ta bi.

Shawarata kada ku fara da gini. Ta Hawai ta yi shekara takwas tana aiki kafin ta shiga nata. Ku zaɓi matasan malamai uku ko huɗu daga sassa dabam-dabam, tarihi, tattalin arziki, harsuna, kimiyyar siyasa, ku tura su digirin digirgir, ku rubuta a yarjejeniya cewa kujerunsu suna jiransu. Shekara shida ko bakwai ke nan kafin ku ga komai, kuma ya kamata kwamitinku ya faɗa wa hukuma haka ƙarara tun farko. Abin da na gani da idona a wata jami'a shi ne an karɓi malamar sa-kai daga Koriya, aji ya cika, shekara biyu ta koma gida, babu ɗan gida ko ɗaya da aka shirya, aka rufe ajin. Ɗaliban da suka kai rabin hanya har yau ina jin zafin abin da ya same su.

Ku leƙa waɗanda suka riga ku a nahiyar nan. Jami'ar Ain Shams ta Alƙahira ta buɗe sashen harshen Koriya a 2005, Jami'ar Nairobi ma tana da nata shirin. Ku tambaye su yawan 'yan ƙasa a cikin malamansu yanzu, da yadda suka yi da albashi bayan tallafin farko ya ƙare. Sannan ku sa wa kanku aiki guda babba wanda babu mai yi in ba ku ba. In ni ce, ƙamus ɗin Hausa da harshen Koriya zan zaɓa, a haɗa hannu da masu koyar da Hausa na can. Ku a Kano kun san tsawon lokacin da ƙamus yake ɗauka.

TAMBAYA

Hajiya, 'yata ta nace sai karatun Koriya, har ta iya rubutunsu a waya. Ni addininta da abincinta nake ji. Ki ba ni shawara.

Wani uba daga Maraɗi

AMSA

Alhaji, ranku ya daɗe, damuwarku a kan hanya take, mahaifina ma ya yi ta. Musulmi kaɗan ne a ƙasar, amma akwai su. Ta hannun sojojin Turkiyya da suka je yaƙin 1950 zuwa 1953 Musulunci ya kafu a can a wannan zamani, kuma babban masallacin Seoul da ke kan tudu a unguwar Itaewon tun 1976 yake. A gangaren masallacin akwai mahauta na halal da shagunan kayan abinci. Naman alade yana da yawa a girkinsu, har cikin romo da abin da ba a zato, don haka kalmarsa tana cikin na farko da na haddace, kuma na koyi karanta bayan kowane ƙunshi kafin in saya. Sauran kuwa shinkafa ce da kifi da ganye da waken suya. Shan giya a walimar ɗalibai al'ada ce mai ƙarfi, amma tun ranar farko na ce ba na sha, aka riƙa ajiye mini ruwan sha'ir. Da hijabina na yi shekara uku. An kalle ni, tsofaffi sun tambaye ni ko ba na jin zafi, amma ba wanda ya taɓa hana ni shiga aji.

Abin da zan roƙe ku, ku zauna da ita ku tambaye ta me take son karantawa bayan harshen, ta kawo muku sunan jami'a da sunan sashe da sunan malamin da take son ya duba aikinta. Ku nemi jami'ar da ke da ɗakin kwanan mata zalla da wurin girki, kuma kafin ta tashi a haɗa ta da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta garin. Ku saya mata rigar sanyi mai kauri tun daga nan in an samu, don a watan Janairu ruwa yana daskarewa a kan titi. Ɗakunan dai ta ƙasa ake ɗumama su, in ta shimfiɗa darduma da asuba za ta ji ɗumi a goshinta.